A Taɓa Injin da Sanyinsa

La Courneuve, Litinin 3 ga Nuwamba

Yaya Nazir,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ina karatu, ina sanyin Lyon? Mu nan lafiya lau, Inna tana gaishe ka. Gaisuwar ta ƙare, ita ma don Inna ta ce in yi ne. Yanzu ka saurara.

Sau tara na kira ka. Na san ko ka ɗauka murya za ta maƙale min kamar kullum, amma a takarda ba na jin kunyar kowa, har da kai.

Ranar Alhamis aka cire wa Baba yanar idon dama, na hagu sai wata mai zuwa. Likita ya hana shi garaji, ya hana shi tafiya. Ba ka sani ba, don ba ka neme shi ba tun Babbar Sallah, ranar da ka ce a gaban baƙi wai zamanin sandarsa ya wuce, yanzu ordinateur, kwamfuta, ke sauraron mota. Sandar da ya zo da ita daga Zinder, wadda yake ɗora wa inji ya kanga kunne. Da ita aka saya maka takalmin zuwa makaranta, Malam Injiniya.

Ga abin da ya sa na rubuto. Mushe Michel, mai garajin Saint-Denis da Baba ke wa aiki shekara ashirin da biyu, yana son sayen wata tsohuwar mota a wani ƙauye bayan Villefranche, kusa da kai. Ranar 25 zai sa hannu, kuma ya ce ba zai sa ba sai Baba ya ce to. Ɗansa Christophe, wanda zai karɓi garajin a Janairu, ya daɗe yana cewa ba ya buƙatar tsoho mai duba mota kamar boka. Idan maganar Baba ta faɗi a kan motar nan, aikinsa ya faɗi. Baba ba ya gani, don haka kai za ka zama idonsa. Shi ya ce a gaya maka. Bai ce yana roƙo ba, ni ma ban ce ba.

Motar Delahaye 135 M ce, ta 1938, mai buɗaɗɗen sama. Baba ya ce injinta silinda shida ne a jere, lita uku da rabi, karbireto uku, ƙarfin dawaki wajen ɗari da sha biyar. Kada ka yi mamakin ganin sitiyari a dama, haka manyan motocin Faransa na lokacin suke. Giyarta Cotal ce, da lantarki take aiki, ɗan ƙaramin hannu ne kusa da sitiyari, ka gwada duk huɗun gaba da baya. Birkinta na waya ne, ka taka ka ji ko tana ja gefe. Jikinta ƙarfe ne aka lulluɓa wa katako, sai ka buɗe ƙofa ka ɗan ɗaga ta, in ta yi lilo katakon ya ruɓe.

Hoto ba ya yi wa Baba amfani yanzu. Abu biyu yake so a cikin ambulan: ka ɗiga man injin a farar takarda ka ninke, ya shaƙa ya murza. Sannan ka ɗora wata takardar a kan lambar da aka buga a jikin injin ka goga fensir har ta fito, a gwada da ta farantin shasi. Ka je da safe.

Yaya, ka ga hotonta kuwa? Shuɗiya ce mai duhu, ƙafafunta na gaba a lulluɓe kamar an ja mata mayafi. Mai ita wata tsohuwa ce, Madam Odile. A tallar an rubuta cewa mahaifinta ya saya don ya ɗauko mahaifiyarta ranar aurensu, kuma ba ta taɓa barin gidan ba. Shekara tamanin da bakwai. Duk littattafan da na aro a médiathèque babu wanda ya kai wannan. Na kwana biyu ina tunanin yadda iska ta riƙa ɗaga lulluɓin amaryar. Ka yi wa tsohuwar ladabi, ka ji.

Lambarta tana bayan takardar nan. Allah ya ba da sa'ar karatu, ko da yake ban huce ba.

Ƙanwarka,
Mardiya

*

Villeurbanne, Lahadi 9 ga Nuwamba

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna, ina yi wa Baba sannu da jiki. Wasiƙa a wannan zamani, franchement. Mai gadin gidan ɗalibai ya ɗauka daga ofishin préfecture ce. To ga amsa a irin yarenki.

Na je jiya. Na kira Madam Odile tun Alhamis na ce ina tafe ƙarfe sha ɗaya, don ba a faɗo wa tsohuwa gida kamar ɗan sanda. Ta tarbe ni kamar jikanta. Ta tambayi abin da ba na ci, ta gasa kifi, ta yi kek ɗin tarte. Na gaishe ta yadda aka koya mana, na tambayi ƙafarta, na tambayi ƴaƴa da jikoki, ta ce rabon da wani ya tambaye ta haka tun mijinta na da rai. Mun fi awa a tabur. Na ga hoton auren da kike mafarki, yana kan bango.

Ɗan ƙaninta, shi ke kula da cinikin, ya kai ni rumfar da motar take. Taɓawa ɗaya ta tashi. Lafiyayyen sauti, babu hayaƙi, injin fes da sabon fenti. Mun zaga ƙauyen, giya huɗu duk sun shiga, ƙofofi ba sa lilo. Na ɗauki sautin, na tura a wayar Inna.

Zancen mai da fensir ban yi ba. Ke ma ki duba: na ci abincin mace mai shekara tamanin da huɗu, tana tsaye a bakin ƙofa tana min murmushi, sai in kwanta ƙarƙashin motar ubanta ina goga lamba kamar na kama ɓarauniya? Ba haka Inna ta rene mu ba. Kuma shekara huɗu nake karanta mécanique, na san inji mai lafiya in na ji.

Ki ce wa Baba motar tana da kyau. C'est tout. Ki rage karatun littattafan nan, jarrabawar bac na tafe.

Yayanki,
Nazir

*

La Courneuve, Laraba 12 ga Nuwamba

Yaya Nazir,

Sallama, da fatan kana lafiya, da fatan tarte ta narke.

Na karanta wa Baba wasiƙarka tun daga sama har ƙasa. Da na gama sai ya miƙo hannu. Na ɗauka wasiƙar yake so, na ba shi. Ya ajiye ta, ya sake miƙo hannu. Ambulan ɗin yake so. Ya zura yatsa ciki, ya lalube kusurwa huɗu, ya juya shi ya kaɗa. Babu komai. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji naka a lokacin ba.

Sai ya ce a kunna masa sautin. Ya manna wayar Inna a kunne, sau uku. Ya ce, "Wannan injin ba daga barci ya tashi ba. An tashe shi tun da safe, ya sha zafi kafin yaron ya zo." Ya ce inji kamar mutum ne da ya yi wanka ya shafa turare, in kana son sanin lafiyarsa ka same shi yana tashi daga shimfiɗa. Ƙwanƙwasa, hayaƙi, ɗigon ruwa, duk da sanyi suke fitowa, zafi na rufe su. Kai kana can kana tambayar lafiyar jikoki, ɗan ƙanin yana rumfa yana ba ta wuta. Ba Baba ya ce kada ka gaya musu ranar zuwanka ba? Ba ya ce ka fara ɗora tafin hannu a kan injin kafin ka gaida kowa ba?

Yanzu ga abin da ya fi muni. Jiya Mushe Michel ya zo duba Baba, da Christophe a bayansa, yana tsaye bai ko cire jaket ba, yana kallon labulen Inna. Michel ya ce, "Alors Ilya, ɗanka ya gani?" Na zuba wa Baba ido. Na san abin da ke ransa, ni na ji shi da kunnena. Amma Christophe ya yi ɗan murmushin nan ya ce, "Injiniyan gidan." Sai Baba ya gyara zama ya ce, "Ɗana ya gani. Tana da kyau."

Ka ji? Mutumin da shekara ashirin da biyu bai taɓa cewa to a kan motar da bai taɓa da hannunsa ba. Ya gwammace sunansa ya lalace da ya ce a gaban Bature ɗansa bai iya aiki ba. Ni kuma ina riƙe da farantin shayi, bakina ya ƙi buɗuwa. Bayan sun tafi Inna ta ce masa, "Malam, me ya sa?" Ya ce ta rufe taga, haske na damunsa.

Ina fushi da kai, ina fushi da shi, ina fushi da Christophe da jaket ɗinsa. A littattafaina in namiji ya yi irin wannan, babi uku yake yi yana neman gafara a cikin ruwan sama. Kai ko waya ba ka yi ba.

Ka huta lafiya, in za ka iya.

Mardiya

*

Villeurbanne, Juma'a 14 ga Nuwamba

Mardiya,

Salam. Ki gaida gida.

Wasiƙarki ta farko tana gabana. Na karanta ta sau huɗu, har bayanta na juya. Nuna min inda aka ce kada in faɗi ranar zuwana. Nuna min inda aka ce in taɓa injin kafin gaisuwa. "Ka je da safe", shi ke nan, kalma huɗu. Sha ɗaya safe ce. Amma lulluɓin amarya ya samu layi shida, da "ka yi wa tsohuwar ladabi".

Zancen mai da fensir laifina ne, na ɗauka, kuma tun da wasiƙarki ta iso ban iya cin abincin kirki ba. Amma ko dai Baba bai faɗi sauran ba, ko ke kika cinye shi a hanya. Wanne ne? Kafin ki aiko min da babi uku na ruwan sama, ki amsa wannan.

Nazir

*

La Courneuve, Litinin 17 ga Nuwamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina wuni.

Ni ce.

Baba ya faɗa, har sau biyu. Ya ce, "Kada ya kira su. Ya faɗo musu da sassafe, ya wuce rumfa kai tsaye, ya taɓa injin. In da ɗumi ya juyo gida." Na rubuta a takardar gwaji. Da na zo kwafewa sai na kalli hoton motar, na tuna tsohuwar ita kaɗai a gidan da uwarta ta shiga tana amarya, sai na ga maganar ta yi kama da shirin ɓarayi. Na ce mutanen da suka riƙe mota shekara tamanin da bakwai saboda soyayya ba za su yi ƙarya ba. Na soke layin. Daga baya kuma na manta na soke, wallahi har ga Allah na manta, na zauna ina zaginka da zuciya ɗaya.

Kada ka ji daɗi. Har yanzu kai ne ka ci kifi ka dawo hannu wofi.

Na gaya wa Baba jiya bayan azahar. Na fi minti goma a bakin ƙofa kafin in shiga, har ya ce, "Wa ke numfashi a nan?" Da na gama bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Ɗaya ya ji kunyar tsohuwa, ɗaya ta ji tausayinta. Ni kuma na ji kunyar Bature. Duk gidan babu wanda ya duba mota." Inna ta yi dariya a kicin, ta mayar da ita tari.

Sai ya ce in jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado. Abin da ke cikin kwalin nan da ka buɗe, ita ce, sandar. Na naɗe ta da tsohon zanen Inna. Matar La Poste ta tambaye ni mene ne, na ce sanda, ta ce ta tafiya? Na ce ta sauraro, ta kalle ni, na ji kamar in nutse. Ya ce ka ɗora bakin da ya yi baƙi a jikin injin, silinda bayan silinda, ɗaya bakin a ƙashin bayan kunnenka, ka rufe ido. In ka ji bugu mai nauyi daga ƙasa, ba na sama mai kaifi ba, to ciwon a ciki yake. Ka buɗe murfin mai ka duba ko akwai fari-fari kamar kindirmo. Ka kankare fentin da ke kan lambar da farce. Na sa fensir biyu da takarda, don kada ka ce babu a Lyon.

Kada ka kira su. Kada ka ci komai. Gaisuwa bayan aiki. Wannan karon na kwafe duka, har da abin da ban so ba.

Saura kwana takwas.

Ƙanwarka,
Mardiya

*

Villeurbanne, Alhamis 20 ga Nuwamba

Auta,

Wa alaikumus salam. Ki karanta wa Baba wannan a hankali.

Na bar darasin TP na yau, na hau jirgin ƙasa na farko. Bakwai da rabi ina ƙofar gidan, ciyawa duk ƙanƙara. Madam Odile ta buɗe da rigar ɗaki. Na ce bonjour kawai, Auta, bonjour tsirara, ban tambayi ƙafa ba, ban tambayi jikoki ba, na ji kamar na mari Inna. Ta kalli sandar da ke hannuna, ta kalle ni, ta ce, "Ɗan ƙanina ba ya nan." Na ce na sani. Ta shiga ciki, na ɗauka ƴan sanda za ta kira. Sai ta fito da makulli, da tocila, da kwali na shimfiɗawa a ƙasa.

Injin sanyi ƙalau. Sai a juyi na bakwai ya kama, ya cika rumfar da farin hayaƙi da bai yanke ba. Na ɗora sandar. Silinda na ɗaya, na biyu, na uku, ba komai. A na huɗu na ji shi, daga ƙasa, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Da kunne kawai ba a ji. Na cire sandar ya ɓace, na mayar ya dawo. 

Murfin mai, kindirmo. Lambar, sai da na kankare fenti kashi biyu. Ba ta yi daidai da ta shasi ba, ko kusa.

Tsohuwar ta zauna a kan wata taya ta ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Injin asali ya tsage a sanyin 1956, an manta ba a zubar da ruwan lagireto ba. Ubanta ya sa na wani kamiyo, motar kaya, na kamfani ɗaya da ya samo a wurin masu yankan katako, ya ɗora masa karbireto ukun. Ɗan ƙanin ya sani. Shi ya yi fentin, shi ke tayar da ita awa guda kafin kowane mai saye ya zo, ya ce mata ita dai ta yi abinci ta nuna hoto. Ta ce ni ne na huɗu da ya ci kifin, ni ne na farko da ya dawo. Ban san ko in tausaya mata ko in yi fushi ba. Na yi duka biyun, kuma na ƙi shan kafe.

Naki saƙon kuma: auren gaskiya ne, motar ta ubanta ce. Amma uwar ta tsani motar, warin fata na sa ta amai. Da ƙafa ta je coci ranar auren. Hoton, a tsaye motar take. Désolé.

Takardu biyu suna cikin ambulan, na mai a cikin leda. Ki ce wa Baba... a'a, bari. Ki ce masa silinda na huɗu ne.

Yayanki,
Nazir

*

La Courneuve, Litinin 24 ga Nuwamba

Yaya Nazir,

Assalamu alaikum, ina gajiya.

Baba ya buɗe ledar, ya shaƙa, ya murza da yatsa biyu, ya ce, "Ruwa." Na karanta masa lambar. Ya ce a kawo masa hularsa.

Da safen nan muka hau motar bis, yana riƙe da kafaɗata. A garaji ya ajiye takardun biyu a kan tabur ya ce kada a saya. Christophe ya ce, "Amma mako biyu da suka wuce ka ce tana da kyau." Baba ya ce, "Na faɗa ban taɓa ba. Kuskurena ne." Sai na ji wata murya tana cewa da Faransanci a'a, ni ce na soke layin, kuma Baba ya gane injin da ɗumi ta waya, da ido a rufe. Muryata ce, Yaya. Har makanikan da ke ƙarƙashin motar da aka ɗaga a pont sun leƙo. 

Mushe Michel ba zai sa hannu ba. Christophe ya ɗauki takardar man ya shaƙa, bai ji komai ba, ya ajiye. Zancen Janairu bai ce komai ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Na cire hoton motar daga bangona. Da ƙafa ta je. Ban yafe maka wannan ba, kana iya barin min shi.

Na tambayi Baba ko in ce ka aiko da sandar ta La Poste. Ya ce sandarsa ba ta shiga kwali sau biyu, wanda ya ji na huɗu da ita shi zai kawo ta da hannunsa.

Akwai jirgi ranar Asabar. Wannan karon ka kira kafin ka zo, Inna za ta yi dambu.

Ƙanwarka da ba ta huce ba,
Mardiya